Sankilo: Inda Ake Gane Gida Da Bakin Mayani

A kwanakin baya ne Allah ya nufe mu da zuwa Bangi daga Buwar, kuma ba wani babban sha'ani ne ya kai mu ba illa aiken mata. 'Yar ƙanenmu ce za a aurar bayan ƙaramar Sallah. An gama sayen gado da kwanuka da labule, sai gwaggon yarinya ta ce ita fa ba za ta yi jere ba sai an kawo mata mayanan kwano na Kilomita Biyar guda 12, irin waɗanda aka kai ta ɗaki da su. Muka ce ai ko a kasuwar Buwar akwai tawul, ta dube mu sheƙeƙe ta ce wannan na goge ƙafa ne. To, duk wanda ya san gwaggo ya san ba a ja da ita a kan sha'anin aure, saboda haka muka nemi mota.

Tafiyar kimanin kilomita 450 ce, ta Baworo da Yaloke da Bosambele da Bowali, sa'an nan a faɗa shingen Kilomita 12, ƙofar birnin. Ba za mu gajiyar da ku da labarin hanya ba, don mafi yawanku kun fi mu saninta. Abin da kawai za mu ce shi ne, kusan duk tsawon tafiyar muna bayan manyan motocin da suka taso daga Duwala ta Garwa-Bulai, shaƙe da kaya an rufe da tamfol. Daga baya da muka shiga layin 'yan yadi muka tuna cewa kusan kowane bandir da muke gani, wannan hanyar ya biyo, ya sha ƙurar da muka sha.

Ga yaranmu na ƙauyuka da ba su taɓa zuwa ba, sunan unguwar ba wani asiri ne da shi ba. Daga shataletalen tsakiyar gari, kusa da kogin Ubangi inda Faransawa suka kafa sansaninsu a 1889, ake fara ƙirga nisa, kuma a kilomita na biyar ne wannan unguwa take, cikin gunduma ta uku ta birnin. Zamanin mulkin mallaka tsakiyar gari na Turawa ne da kantunansu, baƙar fata kuwa aka tura su gefe. Nan fatake suka sauke kaya: Hausawa, Barebari, Fulani, Larabawan Cadi, mutanen Kamaru da na Senegal da na Mali, suka zauna tare da 'yan ƙasa. Har gobe akwai sassan unguwar da ake kira da sunan Kamaru da Senegal. Masu boko su rubuta PK5, mu kuwa da sauran mutanen gari Sankilo muke cewa.

Mun sauka a bakin titin Kuduku wajen hantsi. Wanda ya saba da kasuwar Buwar sai ya ji kansa ya yi nauyi a nan. Masu tura amalanke suna ihu a ba su hanya, 'yan babur suna kutsawa, matan da ake kira wali-gara sun baje gozo da ganyen koko da busasshen kifi, ga hayaƙin masu gashi, ga samari 'yan talla da kaya a kafaɗa. A taku goma sai ka ji harshe biyar: a yi ciniki da Sango, a yi rantsuwa da Larabci, a gaisa da Fulatanci, a ƙirga kuɗi da Faransanci, a yi tsegumi da Hausa. Muka kutsa har layin 'yan yadi muka ce muna neman mayanin kwano. Yaron shago bai gane ba, sai da muka ce torshon, sa'an nan ya jawo mana wani ƙunshi a cikin leda, shida-shida, 'yan Sin, masu santsi kamar jikin tarwaɗa. Har mun fara taya su, don mu huta, sai wani dattijon tela da ke gefe ya ɗago kai daga kan kekensa.

"Alhaji, na amarya ne ko na shago?"

Muka ce na amarya ne, Baba.

"To, ajiye wannan. In ka kai wa matan gidanku shi, sai ka sake biyan kuɗin mota."

Ya kira wani almajirinsa ya ce ya raka mu cikin unguwa. Kafin mu tashi ya nuna mana wani buhu a ƙarƙashin teburinsa, cike da guntayen atamfa da shadda da leshi, ragowar ɗinkin mako. Ya ce wannan buhun ba a zubarwa, kuma ba kowa ake ba ba. Kowane tela a layin yana da matar da ke zuwa ta kwashe nasa, wata ta biya ɗan abin da ya sawwaƙa, wata kuwa a bar mata don mijinta abokin sana'a ne da ya riga mu gidan gaskiya. Gab da Sallah, sa'ad da teloli ke kwana a kan keke, buhu yakan cika cikin kwana biyu.

Yaron ya bi da mu ta wasu lunguna da mutum biyu ba sa jerawa, muna tsallake kwatoci, har wani gida mai ƙofar langa-langa. Muka yi sallama aka shimfiɗa mana tabarma a zaure, can sai aka ce mu shigo, tsohuwa ce, ba ta da sauran kunyar kowa. Tana zaune a inuwar mangwaro, gabanta tsohon keken Singer na ƙafa wanda zanen zinariyar jikinsa ya gama gogewa, gefe ga dutsen guga na gawayi wata jikarta tana fifita shi. Ta ce keken lantarki ba shi da amfani a inda wuta ke zuwa ta ga dama ta tafi ta ga dama. Bayan gaisuwa da tambayar mutanen Buwar ɗaya bayan ɗaya, da yake ta san gidaje da yawa a Unguwar Hausawa, muka faɗi abin da ya kawo mu.

A nan ne muka gane ashe abin da muke ɗauka tsumma ne, ilmi ne mai zaman kansa. Da farko dai mayani ba iri ɗaya ba ne, uku ne. Akwai na rufe kwano da ɗaure shi in za a kai abinci wani gida, wannan murabba'i ne, kamu biyu kowane gefe, kuma duk gefe huɗu ake yi masa baki da atamfa. Akwai na goge kwanuka bayan wanke-wanke, wannan dogo ne, kuma kai da gindi kaɗai ake yi wa ado, domin atamfa ba ta shan ruwa kamar farin yadi, in ta yi yawa sai mayanin ya zama na kallo. Sa'an nan akwai ƙarami na goge hannun baƙo, wanda ake miƙawa tare da buta da tasa. Dozin ɗin amarya, in ji ta, huɗu-huɗu ake yi.

Farin yadin kuwa sai ya zama auduga zalla. Ta zare silin zare ɗaya daga wani yanki ta kusanta shi da garwashin dutsen guga, ya ci wuta ya bar toka mai laushi, yana ƙauri irin na takarda. Ta ce mu ba ta ɗaya daga cikin na shagon nan, da yake mun sayi guda don gwaji. Nasa zaren sai ya narke ya dunƙule ya zama ɗan baƙin ƙwallo mai tauri. "Ka gani, Malam? Roba ce. Wannan ruwa yake turawa, ba ya sha." Ta ce a da, lokacin ƙuruciyarta, buhunan fulawa na yadi suke farkewa su wanke har rubutun ya fita, kuma babu mayanin da ya kai na buhun fulawa shan ruwa. Yanzu fulawa a buhun leda take zuwa.

Kafin almakashi ya taɓa komai sai an wanke yadin da guntayen atamfar, kowanne daban, an shanya. Dalili kuwa shi ne auduga takan tsuke a wankin farko, kuma farin yadi da atamfa ba sa tsukewa daidai. Wadda ta yi gaggawa ta ɗinka su ɗanye, ranar da amarya ta yi wankin fari sai bakin mayani ya tattare kamar fuskar wanda ya sha tsamiya. A wannan wankin ne kuma ake kama atamfa mai zuba: a jiƙa guntun a murza shi a jikin farin ƙyalle, in ya bar launi a jefar. Shaddar rini ko kusa ba ta sa ta a na goge kwano, komai kyanta, sai dai jefi-jefi a na hannun baƙo. Sa'an nan a yanka atamfar faɗin yatsu huɗu, a kalmashe gefe da gefe da dutsen guga, a kama ta da manyan ɗinkin hannu don kada ta zame, a bi da keke layi biyu, a zare na hannun. Kusurwa ita ce wurin da ake gane gwana. Ta nuna mana yadda take naɗe ta ta haɗu a karkace kamar kusurwar allo, ba tudu ba ƙulli. A ƙarshe a ɗinka ɗan maratayi a gefe ɗaya don ƙusar bangon madafa.

Mun tambaye ta ko kowace atamfa tana yi. Ta ce guntun Holan shi ne sarki, in an samu, don ya fi shekara goma bai koɗe ba. Na CICAM ta Kamaru yana da ƙarfi. Na Najeriya, wanda a da fatake ke kawowa daga Kantin Kwari na Kano, shi ma ba laifi, amma tun da manyan masaƙun Kaduna suka rufe ya yi wuya, yawancin abin da ke cika buhun tela yanzu na Sin ne, sai an tona. Amma akwai waɗanda ba ta taɓawa ko kyauta aka ba ta. Kun dai san yadda ake buga zane a ƙasar nan don kowane sha'ani, na zaɓe da hoton ɗan takara, na coci da hoton waliyyai, na ranar mata ta 8 ga Maris da rubutu. Ta ce fuskar mutum ba abin goge tukunya ba ce, ko wane ne shi, kuma abin da maƙwabcinka ke girmamawa ba ka sa shi a bakin murhu. Mu dai a ganinmu wannan tsohuwa ta fi wasu masu jawabi a rediyo sanin zaman tare.

To, me ya sa ake wannan wahala a kan abin da ƙarshensa maiƙo da toka? Amsar tana fitowa ne da azumi. In la'asar ta yi sanyi sai lungunan Sankilo su cika da yara ɗauke da kwanuka a ka, na kunu, na ƙosai, na makara, ana kai wa surukai da maƙwabta da masallatai. A ƙofar Babban Masallaci ko masallacin Ali Babolo kwano talatin na iya haɗuwa, kuma yawancinsu samira ce iri ɗaya daga shago ɗaya. Da bakin mayani ake gane na wane gida ne. Kowace mace takan riƙe launinta, wata shuɗi mai ganye, wata ja mai zobe, har a san ta da shi kamar yadda Bafulatani ke sanin shanunsa. Amarya kuwa, dozin ɗin da ta zo da shi shi ne shaidarta a sabuwar unguwa. Akan so a sami guntun zanen uwarta ko na kakarta a sa a guda ɗaya, wannan ba a aiki da shi, a ƙasan akwati yake zama. Kuma ba a mayar da mayani da datti, ba a mayar da kwano wayam.

Har ila yau ba tsakanin Musulmi kaɗai kwanon ke yawo ba. Tsohuwar ta ce shekara da shekaru, ranar Babbar Sallah tana aika nama ƙetaren gadar Yakite gidan wata ƙawarta Kirista da suka yi zaman kasuwa tare, ranar Kirsimeti kuma kwanon ya dawo da mayaninsa a wanke a goge, da abin da aka san za ta iya ci.

Akwai wani abin takaici da ya tsaya mana a rai muna kallon farin yadin nan. Ƙasarmu ƙasar auduga ce. Tun shekarun 1920 Faransawa suka tilasta wa talakawa nomanta, musamman a yankin Waka inda Felis Ebuwe ya yi mulki, kuma kakannin maƙwabtanmu sun sha bulala a kanta. Wajen 1970 abin da ƙasar ke nomawa ya kusa tan dubu 60 a shekara, ana gurzarta a Bambari da Bosangowa da wasu wurare. A nan Bangi akwai masaƙar UCATEX da ke fitar da yadi da atamfa, ta durƙushe a cikin shekarun 1990, yanzu sunanta ya zama sunan fili da kwatancen masu tasi. A watan Janairun 1994 kuma aka karya darajar sefa da rabi, duk abin da ke shigowa daga waje ya yi tsada. Tsohuwar ta ce a wannan lokacin ne sana'arta ta fi kasuwa, don mata sun kasa sayen na kanti sun dawo wa buhun tela. Ga shi yau manomin tende, kamar yadda ake kiran auduga da Sango, yana Bosangowa, amma ƙyallen da matarsa za ta rufe gozo da shi sai ya ƙetaro teku.

Ba mu so mu tayar mata da tsohon miki ba, ita ce da kanta ta kai zancen can. Masu karatu ba sa bukatar a ba su labarin abin da ya faru bayan 'yan Seleka sun shiga Bangi a watan Maris na 2013, da abin da ya biyo bayan harin 5 ga Disamba na wannan shekara, domin babu gidan da bai taɓa ba, na Musulmi da na Kirista. Musulmin Bangi da suka haura dubu 100 suka watse, wasu a jiragen da Cadi da Najeriya suka aiko, wasu a bayan manyan motoci zuwa Kamaru, har aka ƙiyasta waɗanda suka rage a Sankilo ba su wuce dubu 15 ba, kuma ba mai iya fita. Ta ce a waɗannan watanni ba ta ɗinka mayani ko ɗaya ba. Bandir biyu na farin yadi da ta ajiye don bikin wasu 'yan mata, likkafani aka yi da su. Hanyar maƙabartar Musulmi da ke unguwar Boyin ma a rufe take, sai a farkon 2016 da mutanen unguwannin biyu suka ƙulla yarjejeniya aka sake kai gawa can. Ta tuna ranar 30 ga Nuwamba 2015 da Fafaroma Faransis ya zo Babban Masallaci, ta ce ranar ce ta fara ganin yaran unguwa sun bi titi a guje har cikin gari ba wanda ya tare su. Sa'an nan a Disambar 2019, da rikici ya tashi tsakanin 'yan kasuwa da 'yan bindigar da ke karɓar kuɗi a hannunsu, shaguna da dama suka ƙone, ciki har da na ɗaya daga cikin telolin da ke tara mata guntaye.

Muka ce, Inna, ƙawar taki ta ƙetaren gada fa?

Ta ce tana nan da ranta. Shekara uku ba su ga juna ba. Da hanya ta buɗe, sai ga jikan matar da kwano, a ɗaure da mayanin da ya maƙale a gidansu tun Sallar 2013. Ba ta ƙara komai a kan wannan ba, ta juya ta ce wa jikarta gawayin ya mutu.

Yanzu rabin aikinta ba na Bangi ba ne. 'Ya'yan unguwa da suka zauna a Garwa-Bulai da Bartuwa da Njamena da Kano, waɗansunsu ba su da niyyar dawowa, in za su aurar da 'ya sai su aiko a yi musu dozin, a ba direbobin manyan motoci su kai. Ba don babu teloli a can ba, Kano fa ake magana. Wata ma, in ji ta, daga Kano ta aiko da guntun zanen mahaifiyarta da aka binne a nan, ta ce a sa mata a bakin guda ɗaya a mayar mata.

Abin da ke damunta shi ne magaji. A da su fi goma a lungunsu masu wannan aiki, yanzu su uku ne, kuma duk sun manyanta. 'Yan mata sun fi son koyon ɗinkin riguna, kuma ba za mu ga laifinsu ba, don kuɗin riga ɗaya ya fi na mayani shida, wahalar kuwa kusan ɗaya ce. Mu ma da ta faɗi kuɗin dozin sai da muka yi tsaki a zuci, don ya ninka na leda, sai da muka tuna wanki da guga da kusurwa arba'in da takwas sa'an nan muka yi shiru. Wani abin kuma da muka lura da shi, wanda ya shafe mu duka, shi ne duk maganar da tsohuwar ta yi wa jikarta da Hausa, da Sango yarinyar ke amsawa. Mun tambaye ta sunan abin da kakarta ke ɗinkawa, ta ce bongo, watau tufa. Kalmar mayani ba ta san ta ba, balle kalmasa. Sango harshen ƙasarmu ne, tun 1991 yake harshen hukuma tare da Faransanci, kuma dole ɗanmu ya iya shi fiye da kowa. Amma iyaye mata, in kuna aiki ku riƙa kiran abu da sunansa yara suna ji.

Kwana huɗu ta ce mu ba ta. Muka yi su a gidan wani ɗan'uwa, muna zaga dangi muna cin gashi. Ranar da muka koma mun tarar an goge su an ninke, huɗu masu baki shuɗi, huɗu masu ruwan goro, huɗu ƙanana da siririn leshi. Muka ƙirga muka ga 13. Muka ce Inna an yi kuskure. Ta ce ba kuskure, na sha ukun na gwaggon yarinya ne, a gaya mata daga Sankilo, kuma in ta tashi aiko da cincin ɗin biki ta san abin da za ta ɗaure kwanon da shi.

Da muka isa Buwar gwaggo ba ta ko dubi adon ba. Ta ɗauki guda ta juya bayansa, ta bi ɗinkin da farce tun daga wannan kusurwa har waccan, ta ja maratayin da ƙarfi, ta ɗiga ruwa a tsakiya ta ga ya shanye. Sa'an nan ta tambaye mu ko matar tana da wani tabo a haɓa. Muka ce tana da shi. Ta ce to ita ce, yayarta ce ta ɗinka nata shekarar da aka kai ta ɗaki.